Bincike da Koyar da Dokar Ƙasa da Ƙasa: Darasi Daga Shari'ar Bakassi da Tafkin Chadi

1.0 Gabatarwa

A ranar 10 ga Oktoba, 2002, Kotun Duniya da ke birnin Hague na ƙasar Holan ta yanke hukunci a kan rikicin iyaka tsakanin Kamaru da Nijeriya. Abin da jama'a suka fi riƙewa daga hukuncin shi ne cewa yankin Bakassi ya koma hannun Kamaru, alhali kuwa hukuncin ya shafi iyakar ƙasashen biyu baki ɗayanta, tun daga Tafkin Chadi har zuwa teku, tsawon kimanin kilomita 2,000. Tambayar da ta yi ta yawo a bakin mutane a lokacin ita ce: ta yaya za a ce wurin da mutanenka suke zaune, suna su, suna biyan haraji, ba naka ba ne? Wasu suka taƙaita zancen da cewa shari'a saɓanin hankali. Ɗalibin ilimi kuwa bai kamata ya tsaya a nan ba, domin hukuncin yana da dalilai, kuma dalilan suna cikin wani fage na ilimi da ake kira dokar ƙasa da ƙasa.

Wannan darasi zai yi bayanin ma'anar wannan doka da tushenta, da yadda ake nazarinta da koyar da ita. Za a ɗauki shari'ar Kamaru da Nijeriya a matsayin misali, domin a nuna cewa a wannan fage bincike ne yake yanke hukunci tun kafin alƙali ya buɗe baki. Daga ƙarshe za a dubi rawar da malamin Hausa zai taka.

1.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. bayyana ma'anar dokar ƙasa da ƙasa da tushenta;
ii. kawo wasu daga cikin cibiyoyin da ake nazarinta;
iii. fayyace hujjojin da suka yi tasiri a shari'ar Bakassi da Tafkin Chadi;
iv. bambanta wasu keɓaɓɓun kalmomi na wannan fage a cikin Hausa.

2.0 Ma'anar Dokar Ƙasa da Ƙasa

Dokar ƙasa da ƙasa ita ce jimlar ƙa'idojin da suke tafiyar da hulɗa tsakanin ƙasashe masu 'yancin kai, da kuma tsakaninsu da ƙungiyoyin da suka kafa, irin su Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka. Ta ƙunshi batutuwan iyaka da yaƙi da sulhu da jakadanci da ciniki da ruwan teku da haƙƙin ɗan Adam. Ta bambanta da dokar cikin gida ta fuska ɗaya muhimmiya. A cikin gida akwai majalisa mai yin doka, da 'yan sanda masu tilasta bin ta, da kotun da za ta kira mutum ko yana so ko ba ya so. A tsakanin ƙasashe babu wannan tsari. Ƙasashe su ne masu yin dokar, su ne kuma masu bin ta, kuma Kotun Duniya ba ta sauraren ƙara sai ƙasashen da abin ya shafa sun amince da ikonta.

2.1 Tushen Dokar

Sashe na 38 na dokar da ta kafa Kotun Duniya ya jera abubuwan da kotun take dogara da su:

i. Yarjejeniyoyi, wato alƙawuran da ƙasashe suka ƙulla a rubuce. Ƙa'idar da ta riƙe su ita ce wadda Bahaushe ya taƙaita da cewa alƙawari kaya ne, kuma tana cikin sashe na 26 na Yarjejeniyar Biyana ta 1969 a kan dokar yarjejeniyoyi.
ii. Al'ada, wato abin da ƙasashe suka saba yi suna kuma ɗaukar sa wajibi. Misali, kare mutuncin jakada al'ada ce tsohuwa, sai a 1961 aka tattara ta a rubuce.
iii. Manyan ƙa'idojin shari'a da tsare-tsaren dokokin duniya suka yi tarayya a kansu, kamar cewa ba a yanke wa mutum hukunci sai an saurare shi.
iv. Hukunce-hukuncen kotuna da koyarwar ƙwararrun masana na ƙasashe daban-daban, a matsayin mataimaka wajen gano abin da dokar ta ce.

Ya kamata ɗalibi ya lura da na huɗun nan. Tun da al'ada ba a rubuce take a wuri ɗaya ba, sai wani ya zauna ya tattara abin da ƙasashe suka yi da abin da suka faɗa kafin a san ta tabbata. Ke nan aikin manazarci yana cikin ginin dokar kanta.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Nazarin Fagen

A ƙasashen Turai akan danganta soma wannan ilimi da Hugo Grotius, mutumin Holan, wanda ya fitar da littafinsa a kan dokar yaƙi da zaman lafiya a 1625. Sai dai tun kafin haka da ƙarni takwas malaman fiƙihu sun ware wani babi da suke kira siyar, wanda ya ƙunshi hukuncin yaƙi da sulhu da amana da fursunoni da manzanni. Muhammad ibn al-Hasan al-Shaibani, almajirin Imam Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekarar 805, ya yi fice da littattafansa a kan siyar.

Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce a wannan sha'ani. Wasiƙun da aka yi musaya tsakanin shugabannin jihadin Sakkwato da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Barno muhawara ce a kan halascin yaƙi tsakanin dauloli biyu, kuma Muhammadu Bello ya kawo wasu daga cikinsu a littafinsa Infaƙul Maisuri. A 1853 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya ba matafiyin nan Heinrich Barth takardar amana ga fataken Ingila. A 1885 kuma Joseph Thomson ya ƙulla yarjejeniya da Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin Ingilishi da ya zama Kamfanin Neja, kuma Ingila ta riƙe waɗannan takardu a matsayin hujja a cinikinta da Faransa. A 1890 ƙasashen biyu suka ja layi daga garin Say a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a bakin Tafkin Chadi. An sake gyara layin a 1898 da 1904 da 1906, aka kafa alamomi a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Wannan layi shi ne iyakar Nijeriya da Nijar ta yau, wadda ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram. Duk Bahaushen da ya tsaya a Jibiya ko Illela ko Maigatari ana duba takardunsa, yana tsaye ne a kan aikin dokar ƙasa da ƙasa.

4.0 Cibiyoyin Bincike da Koyarwa

A 1873 wasu masana suka kafa Cibiyar Dokar Ƙasa da Ƙasa a birnin Ghent na Beljiyam, domin tattara ƙa'idojin fagen da tace su. Cibiyar ta sami lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 1904. A 1923 aka buɗe Makarantar Hague ta Dokar Ƙasa da Ƙasa a Fadar Zaman Lafiya, ginin da Kotun Duniya take zama a cikinsa. Makarantar tana gayyatar manyan malamai su ba da lacca da Ingilishi ko Faransanci, ana kuma buga laccocin a jerin littattafai da suka haura 400.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa Hukumar Dokar Ƙasa da Ƙasa a 1947. Hukumar tana da masana 34, kuma daga daftarinta ne aka samar da Yarjejeniyar Biyana ta 1969. A 1965 Majalisar ta ɓullo da shirin tallafa wa koyarwa da nazari da yaɗa wannan doka, saboda sababbin ƙasashen Afirka da Asiya sun sami 'yanci ba su da isassun ƙwararru. A ƙarƙashin shirin ne aka buɗe ɗakin karatu na intanet a 2008, inda kowa zai iya sauraren laccoci da karanta tsofaffin takardu kyauta. Tarayyar Afirka ita ma ta kafa tata hukumar a 2009.

A Nijeriya an soma buɗe tsangayoyin koyar da shari'a a farkon shekarun 1960, a Nsukka da Legas da Ife da Zariya. An kafa Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje a Legas a 1961, da Cibiyar Zurfafa Nazarin Shari'a a 1979, da Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa a 1987. 'Yan Nijeriya uku sun zama alƙalai a Kotun Duniya: Charles Onyeama daga 1967 zuwa 1976, da Taslim Elias daga 1976 zuwa 1991, da Bola Ajibola daga 1991 zuwa 1994. Elias, wanda ya koyar da shari'a a Jami'ar Legas, ya shugabanci babban kwamitin taron Biyana na 1968 da 1969, ya fitar da littafi a kan Afirka da bunƙasar dokar ƙasa da ƙasa a 1972, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya shugabanci kotun, daga 1982 zuwa 1985.

Wata hanyar koyarwa da ta shahara a wannan fage ita ce shari'ar gwaji, inda ake ƙirƙiro rikici tsakanin ƙasashe biyu, a raba ɗalibai su tsaya wa kowane ɓangare. Gasar Jessup, wadda aka soma a 1960, ita ce mafi girma a irin wannan.

5.0 Shari'ar Kamaru da Nijeriya

Kamaru ta shigar da ƙara a ranar 29 ga Maris, 1994. Nijeriya ta riga ta amince da ikon kotun tun 1965, Kamaru kuwa ta miƙa takardar amincewarta a farkon watan Maris ɗin da ta kai ƙarar. Nijeriya ta ƙalubalanci hurumin kotun, amma a 1998 kotun ta ce tana da ikon sauraren shari'ar. An ɗauki fiye da shekara takwas kafin hukunci, kuma mafi yawan wannan lokaci ya tafi ne wajen tattara takardu da taswirori da rubuta hujjoji.

5.1 Bakassi

Hujjar Kamaru ita ce yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 11 ga Maris, 1913, wadda ta sanya Bakassi a ɓangaren Jamus. Nijeriya ta amsa da cewa Ingila ba ta da ikon ba da yankin, domin yarjejeniyar da ta ƙulla da sarakunan Tsohuwar Kalaba a 1884 ta kāriya ce kurum, kuma ba a kyauta da abin da ba a mallaka ba. Kotun ba ta karɓi wannan hujja ba. Ta ce bisa dokar wancan zamani da yadda Ingila ta riƙa mulkin yankin, Ingila tana da ikon shata iyakarsa a 1913.

Akwai kuma sanarwar Marwa ta 1 ga Yuni, 1975, wadda Janar Yakubu Gowon da Shugaba Ahmadu Ahijo suka sa wa hannu a kan iyakar ruwa. Nijeriya ta ce Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta tabbatar da ita ba, saboda haka ba ta hau kanta ba. Kotun ta ce shugaban ƙasa yana da ikon ɗaure ƙasarsa da sa hannunsa, kuma ba za a ɗora wa wata ƙasa sanin wani sharaɗi na cikin gida ba matuƙar ba a bayyana shi yadda ya kamata ba. Alƙalai 14 suka goyi bayan Kamaru a kan Bakassi, biyu suka saɓa: Abdul Koroma na Saliyo, da Bola Ajibola, wanda Nijeriya ta zaɓa ya zauna a wannan shari'a.

5.2 Tafkin Chadi

Wannan ɓangare ya fi kusa da mu. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya sa ruwan ya ja da baya ƙwarai. Masunta da manoma daga Nijeriya, cikinsu har da Hausawa da Barebari, suka riƙa bin ruwan, suna kafa ƙauyuka a inda ya janye, irin su Darak. Hukumomin Jihar Barno suka bi su da haraji da makarantu da 'yan sanda. A idon mazauna wurin babu shakka suna cikin Nijeriya.

Nijeriya ta kafa hujja da wannan daɗewar zama da gudanar da mulki. Kamaru kuwa ta kawo takardu: sanarwar Milner da Simon ta 1919, da sanarwar Thomson da Marchand ta 1929 zuwa 1930, da musayar wasiƙu tsakanin Ingila da Faransa ta 1931. Waɗannan takardu sun shata iyaka a cikin tafkin tun ruwa yana rufe da wurin. Kotun ta bi ƙa'idar da ta kafa tun a shari'ar Barkina Faso da Mali ta 1986, cewa idan gudanar da mulki ya ci karo da takardar mallaka, takarda ake fifitawa. Ruwa ya matsa, mutane sun matsa, amma iyaka tana nan inda aka rubuta ta. Bayan haka kuma ƙasashen Afirka da kansu sun yi alƙawari a taron Alƙahira na 1964 cewa za su mutunta iyakokin da suka gada ranar samun 'yanci.

Ba a kowane batu Nijeriya ta faɗi ba. A iyakar tudu kotun ta bi wurare 17 da ake jayayya a kan fassarar tsofaffin takardu, ta ba Nijeriya gaskiya a wasu, ta ba Kamaru a wasu. A can cikin teku ta ƙi layin da Kamaru ta nema, ta kuma ƙi buƙatarta ta a biya ta diyya. A watan Disamba na 2003 Nijeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30 a yankin tafkin. A ranar 12 ga Yuni, 2006, Shugaba Olusegun Obasanjo da Shugaba Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a Amurka, a gaban Kofi Annan, aka kuma kammala miƙa Bakassi a ranar 14 ga Agusta, 2008. Dokar kotun ta ba da shekara goma domin neman a sake duba hukunci idan an gano sabuwar hujja. Wa'adin ya cika a Oktoban 2012 ba tare da Nijeriya ta nemi hakan ba.

5.3 Kwatanci da Shari'ar Binin da Nijar

Domin kada ɗalibi ya ɗauka cewa gudanar da mulki ba shi da amfani sam, sai a dubi shari'ar Jamhuriyar Binin da Nijar, wadda aka yanke a ranar 12 ga Yuli, 2005. Ƙasashen biyu duk Faransa ce ta mulke su, kuma babu wata takarda da ta fayyace iyakarsu a cikin kogin Kwara. Da aka rasa takardar mallaka, sai kotun ta koma ga yadda jami'an mulkin mallaka suka riƙa gudanar da aiki. Wata wasiƙa ta 1914 da jami'in Faransa mai kula da yankin Gaya ya rubuta ta taimaka wajen nuna cewa babbar hanyar jiragen ruwa ce aka ɗauka iyaka. Da haka tsibirin Lete ya zama na Nijar. Cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16, Binin ta sami 9. Ƙa'idar ɗaya ce a shari'o'in biyu: takarda tukuna, idan babu ita sai a dubi aiki.

6.0 Matakan Bincike a Wannan Fage

Daga misalan da suka gabata za a iya fitar da matakan da mai bincike yake bi.

Na farko, neman asalin takarda. Takardun da suka shafi iyakokinmu suna warwatse a gidajen adana takardu na ƙasa da ke Kaduna da Ibadan da Inugu, da Gidan Arewa a Kaduna, da kuma Landan da Dakar da Faransa. Wanda ya dogara da abin da aka ce takarda ta ƙunsa, bai ga ita kanta ba, bincikensa bai tsaya da ƙafafunsa ba.

Na biyu, karanta takarda da idon zamaninta. Kotun ta auna yarjejeniyar 1884 da ma'aunin dokar ƙarni na 19. Masana da dama na Afirka sun soki wannan mataki, suna ganin ya halatta zaluncin mulkin mallaka, kuma wannan muhawara tana cikin abubuwan da ake ci gaba da rubutu a kansu.

Na uku, gwama takarda da ƙasa. Tsofaffin yarjejeniyoyi sukan ambaci kogi ko dutse ko ƙauye. Kogi yakan sauya hanya, ƙauye yakan tashi, suna yakan canza a bakin Bature. An yi jayayya a kan inda bakin kogin Ebeji yake, har sai da kotun ta ƙayyade shi da lissafin taswira. A nan lauya yana buƙatar masanin tarihi da mai safiyo da masanin harshe.

Na huɗu, bin diddigin abin da ƙasa ta faɗa da abin da ta yi shiru a kansa. Wasiƙar jakadanci da taswirar gwamnati da jawabin minista duk suna iya zama hujja bayan shekaru masu yawa. Shiru ma, a inda ya kamata a yi ƙorafi, akan ɗauke shi amincewa.

7.0 Matsayin Harshe da Aikin Malamin Hausa

Harsunan aiki na Kotun Duniya biyu ne, Ingilishi da Faransanci. Na Majalisar Ɗinkin Duniya shida ne, kuma daga cikinsu Larabci ne kaɗai yake harshen uwa ga wata babbar al'umma ta Afirka. Masuncin Darak da hukunci ya sauya wa ƙasa bai karanta hukuncin ba, a rediyo ya ji labari. Saboda haka ingancin abin da talaka ya sani game da wannan doka ya rataya ne a wuyan mai fassara da malamin da ya koyar da shi.

Tarihi ya nuna haɗarin sakaci da fassara. A yarjejeniyar Wucale ta 1889 tsakanin Habasha da Italiya, sashe na 17 a harshen Amhara ya ce Sarki Menelik yana iya neman taimakon Italiya a hulɗarsa da ƙasashen waje, a Italiyanci kuwa aka mayar da abin wajibi. Italiya ta yi iƙirarin cewa Habasha ta shiga ƙarƙashinta, saɓanin da ya kai ga yaƙin Adwa na 1896.

A Hausa ma akwai wuraren da ake yawan tuntuɓe. Ga guda uku:

i. Kotun Duniya. Kotuna biyu ne a birnin Hague da akan kira da wannan suna. Ɗaya ita ce wadda muka yi magana a kanta, mai alƙalai 15, wadda take shari'a tsakanin ƙasa da ƙasa. Ɗayar kuwa ita ce Kotun Hukunta Manyan Laifuka, wadda aka kafa da yarjejeniyar Rum ta 1998, ta soma aiki a 2002, kuma mutane take tuhuma. Wajibi ne mai fassara ya bambanta su.

ii. Sa hannu da tabbatarwa da mayarwa dokar gida. Matakai uku ne mabambanta, amma akan haɗe su a ce ƙasa ta amince. Sashe na 12 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a cikin ƙasa sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Nijeriya ta tabbatar da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara a 1991, amma sai a 2003 aka yi dokar tarayya a kanta, bayan haka kuma jihohi suka riƙa yin nasu ɗaya bayan ɗaya. Da wannan sashe ne Majalisar Dattawa ta kafa hujja a 2007 lokacin da ta ƙi amincewa da miƙa Bakassi, sai dai a idon dokar ƙasa da ƙasa, tsarin cikin gida ba ya zama uzurin saɓa alƙawari.

iii. Yarjejeniya da sanarwa. Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948, wadda aka fassara zuwa harsuna fiye da 500 har da Hausa, ƙuduri ne na Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ba a sa mata hannu a matsayin yarjejeniya ba. Sanarwar Marwa kuwa kotu ta ɗauke ta yarjejeniya mai ɗaurewa. Ke nan sunan takarda ba shi ne yake nuna ƙarfinta ba, sai an duba abin da ta ƙunsa da niyyar waɗanda suka yi ta.

Malamin Hausa yana iya shigar da wannan ilimi cikin darussansa na fassara da insha'i da auna fahimta. Yana iya ba ɗalibai sashe ɗaya na wata yarjejeniya su fassara, a kwatanta fassarorin a aji, a ga inda "yana iya" ta koma "dole ne". Yana iya shirya shari'ar gwaji da Hausa. Waɗanda suke garuruwan kan iyaka kuma suna iya tura ɗalibai su tattaro tarihin baka daga dattawa, game da sunayen wurare da burtaloli da kasuwanni, domin irin wannan bayani yakan ɓace da mutuwar masu shi.

8.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa dokar ƙasa da ƙasa ta ginu ne a kan yarjejeniya da al'ada da manyan ƙa'idoji, kuma manazarta suna da hannu wajen gano ta. An kawo tarihin nazarinta da cibiyoyin da suke koyar da ita. Shari'ar Kamaru da Nijeriya ta nuna cewa takardun 1913 da 1931 da 1975 sun rinjayi shekarun da mutane suka yi suna zaune a wuri, shari'ar Binin da Nijar kuma ta nuna lokacin da ake komawa ga aikin hukuma. Ƙasashen biyu sun karɓi hukuncin 2002 ba tare da sun gwabza yaƙi ba, amma dubban mutane sun wayi gari da zaɓi tsakanin gidajensu da ƙasarsu, da yawansu kuma ba su taɓa jin sunan takardun da suka jawo haka ba. Cike wannan giɓi aiki ne na lauya da masanin tarihi, kuma aiki ne na malamin da zai mayar da maganar cikin harshen da mutanen suke ji.

9.0 Tambayoyin Auna Fahimta

1. Mece ce dokar ƙasa da ƙasa? Kawo bambanci ɗaya tsakaninta da dokar cikin gida.
2. Jera abubuwa huɗu da sashe na 38 ya ambata, tare da misali ga biyu daga cikinsu.
3. Me ya sa gudanar da mulki ya yi tasiri a shari'ar Binin da Nijar, bai yi ba a yankin Tafkin Chadi?
4. Bambanta tsakanin sa hannu da tabbatarwa da mayar da yarjejeniya dokar gida.
5. Wane darasi mai fassara zai koya daga yarjejeniyar Wucale?

Jinga: Ɗalibai su kasu gida biyu, ɓangare ɗaya ya tsaya wa Nijeriya, ɗaya ya tsaya wa Kamaru, a kan batun ƙauyen Darak. Kowane ɓangare ya rubuta hujjojinsa da daidaitacciyar Hausa a shafi biyu, a gabatar a aji mako mai zuwa.